Na'urar da ke Tambayar Shuka Yawan Takin da Take So: Ina Ribar Ɗan Kasuwa?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai sayar da takin zamani a kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Birnin Konni, ko Maigatari a farkon damina, ya san tambayar da aka fi yi a wurin. Manomi zai zo ya tsuguna a gaisa, ya ɗebi farin taki a tafin hannu ya murza, sannan ya ce: "Alhaji, gonata ta bakin fadama, buhu nawa zai ishe ta?" Shi kuwa Alhaji bai taɓa taka gonar ba, bai san irin ƙasarta ba, bai kuma san abin da aka shuka a cikinta bara ba. Amsar da zai bayar ba za ta wuce ɗayan biyu ba: ko ya faɗi abin da ya ji wasu suna zubawa, ko ya dubi aljihun manomin ya yanka masa daidai ƙarfinsa. Da irin wannan kintace ake cinikin taki na maƙudan kuɗi kowace shekara a kasuwanninmu na kan iyaka.

A yau mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wata dabara da manoman wasu ƙasashe suka fi shekara 20 suna aiki da ita, wato auna koren ganye da na'ura a cikin gona, domin shukar da kanta ta faɗi ko tana jin yunwa, da kuma yawan takin da za a ƙara mata. Wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da wannan? To, wanda ya ba da taki bashi sai kaka, da wanda ke sayen shinkafa ko albasa ya tara, dukiyarsu tana kwance a gonar da ba su taɓa gani ba. Don haka maganar ta shafe su kai tsaye.

Ina takin yake tafiya?

Bari mu fara da abin da ke rubuce a jikin buhu. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shuka ta yi tsawo, shi ne naitirojin, wanda masu Faransanci ke kira azot, kuma shi ne harafin N da muke gani a buhu. Takin yuriya yana ɗauke da kashi 46 cikin 100 na wannan sinadari, ke nan buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Shi kuwa takin 15-15-15, wanda ake kira kamfa a kasuwannin Najeriya, kilo 7 da rabi ne kawai na naitirojin a buhunsa, sauran amfaninsa yana ga sinadaran P da K.

Da iskar gas ake yin yuriya, shi ya sa kuɗinta ke bin kuɗin gas a duniya. Ba mu manta da shekarar 2022 ba, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, inda tan ɗaya na yuriya ya haura dalar Amurka 800 a kasuwar duniya. A cikin watan Maris na wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar takin Dangote a Lekki da ke Legas, mai ƙarfin yin tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a yankin Fatakwal. Amma da yake kaso mai yawa na takin ana fitar da shi ƙasashen waje, farashin duniya ne ke biyo buhun har rumfar ɗan kasuwa a Ɗan Isa ko Magariya.

To, wannan kaya mai tsada, nawa ne shuka ke ci a cikinsa? A shekarar 1999 wasu masana biyu na Jami'ar Jihar Oklahoma da ke Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun yi lissafin duniya baki ɗaya, inda suka gano cewa kimanin kashi 33 cikin 100 ne kawai na naitirojin da ake zuba wa hatsi ke dawowa a cikin amfanin da aka girbe. A harshen kasuwa, cikin buhu uku da manomi ya saya, ɗaya ne ke shiga rumbu. Wani sashe na sauran yana tsayawa a kara da ƙasa, wani kuma yana salwanta. Idan aka watsa yuriya a bisa ƙasa ba a rufe ba, ga zafin rana, sai ta zama iska ta tashi. Idan kuma aka zuba ta da yawa lokaci ɗaya a ƙasar jigawa, ruwan sama mai ƙarfi sai ya wanke ta zuwa ƙarƙashi, inda saiwa ba ta kaiwa. Haka ma a gonar shinkafa da ruwa ya kwanta, wani kason yana bin iska.

Babban dalilin wannan asara shi ne ana zuba takin a lokacin da shuka ba ta da ƙarfin ci, ko kuma a zuba fiye da cikinta. Jaririn da aka ajiye wa tuwon shekara guda a gabansa, kafin ya iya ci tuwon ya lalace. Masara da shinkafa da alkama ba su cin naitirojin sosai a makonnin farko, sai sun fara tashi da sauri sannan yunwarsu ke ƙaruwa. Bugu da ƙari, ita kanta ƙasa tana ba da nata naitirojin daga takin gida da ruɓaɓɓen ganye da saiwar wake ko gyaɗar bara, kuma abin da take bayarwa yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Saboda haka ma'aunin da ya yi daidai bara, yana iya yin yawa ko ya yi kaɗan bana.

Yadda na'urar ke aiki

Wannan matsala ce ta sa Raun da abokan aikinsa injiniyoyi, John Solie da Marvin Stone, suka ƙera na'urar da aka sa wa suna GreenSeeker, wadda ta shiga kasuwa a farkon shekarun 2000. Hikimarta ba ta da wuyar ganewa. Na'urar tana haska shuka da haske iri biyu: ja, da wani wanda idon mutum ba ya gani. Ganye mai ƙoshi yana shanye jan hasken don haɗa abincinsa, ya mayar da ɗayan. Ganye mai yunwa, ko shukar da ba ta cika ba, ba ta shanye jan sosai. Na'urar sai ta auna abin da ya dawo mata, ta fitar da lamba tsakanin 0.00 da 0.99, ma'aunin da masana ke kira NDVI. Da yake da haskenta take aiki, hadari ko duhu ba su hana ta.

Akwai manya da ake ɗaura wa tarakta, suna aunawa suna sauya yawan takin da ke zuba yayin da ake tafiya. Akwai kuma ƙarama ta hannu da kamfanin Trimble ya fitar a 2012 a kan kimanin dalar Amurka 500, wadda mutum ke riƙewa santimita 60 zuwa 120 a saman shuka, ya danna kunama ya bi kunya yana tafiya. Wata iri kuma, SPAD-502 ta kamfanin Minolta na Japan, ana matse ganye ne a bakinta kamar hantsaki, ta auna hasken da ya ratsa shi.

To sai dai lambar ita kaɗai ba ta cewa komai, sai an gwada ta da wata. A nan ne asirin dabarar yake. Tun lokacin shuka, manomi zai ware ɗan siririn fegi a tsakiyar gona, ya ba shi taki har ya ƙoshi, sauran gonar kuma ya ba ta kaɗan na tashi. Idan lokacin taki na biyu ya zo, sai a auna fegin nan mai ƙoshi, a auna sauran gonar. In lambobin biyu sun yi kusa da juna, ƙasa ta ciyar da shuka da kanta ke nan, ƙarin taki kaɗan ne ko ma babu. In kuwa fegin ya tsere wa sauran gonar nesa, gonar tana jin yunwa, sai a duba jadawalin da masana suka tsara wa wannan amfanin a wannan yankin, a ga kilo nawa za a ƙara.

Buhu uku a kowace hekta

Wurin da aka fi ba da misali da shi shi ne kwarin Yaki da ke jihar Sonora a ƙasar Meziko, inda ake noman alkama ta ban ruwa, kuma a nan ne Norman Borlaug ya yi aikin irin alkamar da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970. Manoman wurin sun saba zuba kimanin kilo 250 na naitirojin a hekta guda, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, kuma mafi yawa tun kafin shuka. Cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT, ƙarƙashin masaninta Ivan Ortiz-Monasterio, ta gwada na'urar a gonakin manoma, aka buga sakamakon a 2007. A matsakaici, manoman sun rage kilo 69 na naitirojin a kowace hekta, ba tare da amfanin ya ragu ba. Duk ɗan kasuwa zai iya wannan lissafi da ka: kilo 69 buhu uku ne cif na yuriya.

A jihar Nebraska ta Amurka kuwa, inda ake noman masara da ban ruwa, abin da ya tura su ya wuce kuɗi. Takin da ke tserewa ƙarƙashin ƙasa ya gurɓata ruwan rijiyoyin sha a wasu yankuna. Shi ya sa a 2015 jami'ar jihar ta fara wani shiri mai suna SENSE tare da manoma, inda ake zuba taki kaɗan da farko, sai masara ta tashi sannan mota mai dogayen ƙafafu ta ratsa gonar da na'urori a jikinta, tana ba kowane sashe daidai yunwarsa.

Akwai wani abin lura da muke so ƴan kasuwa su riƙe. A Turai, na'urar da ta yi suna a wannan fanni, wadda ake ɗorawa a kan rufin tarakta tun ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Yara ne ke tallata ta, kuma sana'ar Yara ita ce sayar da taki. Mai sayar da kaya ne ya fito da abin da ke hana abokin cinikinsa sayen fiye da buƙata. Ya gane cewa manomin da ya ci riba shi ne zai dawo baɗi.

Mu fa?

A nan dole mu faɗi gaskiya, don kada wani ya ɗauko kaya ya rasa mai saye. Ciwon Meziko da Nebraska yawan taki ne, namu kuwa ƙarancinsa. A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 na sinadari a hekta kafin 2015, wa'adin ya wuce ba a kai ba, har aka sake zama a Nairobi a 2024. Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin zuba takin zamani a duniya. Mai gonar gero da tiya biyar ta taki a hannunsa ba ya buƙatar na'ura ta gaya masa gonarsa na jin yunwa.

Har ila yau, na'urar ba ta dace da kowace gona ba. Geron da aka shuka da tazarar taki guda tsakanin gurbi da gurbi, ga wake a tsakani, ga ƙasa a fili, lambar da za ta fito gauraye ce ta yashi da ganye iri biyu. Sannan na'urar kore take gani, ba ta sanin dalilin rashinsa. Ganye na iya yin ɗorawa saboda ƙishirwa, ko kwanciyar ruwa, ko ƙuduji da wasu ke kira wuta-wuta, ko ƙarancin sinadarin farar wuta. Ido mai lura yana rarrabe wasu: yunwar naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa, ta farar wuta kuwa daga sababbin ganyen sama. Binciken da aka daɗe ana yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ya nuna cewa a ƙasar jigawa tamu sinadarin P ne ya fi ƙaranci, kuma in babu shi, yuriya ba ta yin aikinta yadda ya kamata. Daga nan aka fito da dabarar ɗan tsunkule, wato giram 6 na 15-15-15, kimanin cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP a kowane gurbi. A gona mai gurbi 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Ga mai gero da dawa, wannan ya fi kowace na'ura amfani.

Inda dabarar auna ganye ke da gurbi a wajenmu shi ne noman ban ruwa, inda shuka ke cike fili kuma ake zuba yuriya da buhu-buhu: shinkafar bakin kogin Kwara daga Tilaberi zuwa Gaya, gonakin rani na Konni da Jiratawa, da kuma Bakolori, Kura, Kadawa da kwarin Haɗejia a ƙetaren iyaka. A irin waɗannan wurare akan sami mai zuba taki fiye da kima yana maƙwabtaka da wanda bai zuba rabin abin da ake so ba, kuma dukansu asara suke yi. Kafin na'urar ta yi amfani sosai, sai an tsara jadawalin kowane iri da kowane yanki, aikin da ya rataya a wuyan cibiyoyin bincike irin su INRAN mai reshe a Tarna ta Maraɗi, da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya.

Katin launin ganye

Ga wanda dalar Amurka 500 ta yi wa nisa, akwai ƙanwar na'urar da ba ta son batir. Wani ɗan katin roba ne mai tsawon tafin hannu, ɗauke da launin kore kala huɗu masu lamba 2 zuwa 5, daga mai haske zuwa mai duhu, wanda cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin ta yaɗa a Asiya, musamman Bangaladash da Indiya. A lokacin da aka yaɗa shi, kuɗinsa kimanin dalar Amurka ɗaya ne.

Ga yadda ake aiki da shi. Daga kamar mako biyu bayan dashe, duk kwana 7 zuwa 10 har shinkafa ta fara fure, manomi zai zaɓi gindi 10 masu lafiya a sassa daban-daban na gona. A kowanne zai ɗora tsakiyar ganyen sama da ya gama buɗewa a kan katin, ba tare da ya tsinke shi ba, yana kare rana da jikinsa don kada haske ya ruɗe shi. In mafi yawan ganyen goman sun gaza lambar da aka tsayar, wadda galibi ke tsakanin 3 da 4 gwargwadon iri da yadda aka shuka, to lokacin ƙarin taki ya yi. In sun kai, ya bar yuriyarsa a ɗaka har wani zagayen.

Ko babu kati, fegin ƙoshi da muka ambata ba ya cin kuɗi mai yawa. Kunya biyu ko uku a tsakiyar gona sun isa. Ranar da manomi ya tsaya a bakin gona ya hango fegin ya fita daban da kore, gonar ta yi magana ke nan.

Abin da ya shafi mai rumfa

Na farko, bashi. Wanda ya ba manomi buhu huɗu sai kaka, aka watsa su rana ɗaya ruwa ya wanke, ya san irin zirga-zirgar da ke jiransa bayan girbi. Ya fi masa alheri ya shawarci manomin ya raba takin kashi biyu ko uku, ya rufe shi da ƙasa mai damshi, ya kuma duba ganye kafin ya ƙara.

Na biyu, ingancin abin da ake saye a kaka. Shinkafar da ta sha yuriya fiye da kima tana kwanciya, ƙwari da cuta su fi kama ta, ta kuma yi jinkirin nuna. Masu fataucin albasar Galmi zuwa Akara, Kumasi da Abijan sun fi kowa sanin wannan ciwo, domin albasar da aka cika wa yuriya daf da cira tana yin ƙaton wuya, ba ta bushewa da kyau, ba ta kuma jure ajiya da doguwar tafiya. Buhun da ya ruɓe a mota, sau da yawa tun a gona aka kashe shi.

Na uku, lokacin ajiye kaya. Idan manoma suka koma raba taki, cinikin ba zai tsaya a farkon damina kaɗai ba, kuma taki na biyu ba ya jiran kowa: kwanaki kaɗan ne, in sun wuce amfaninsa ya ragu. Mun ga yadda rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, suka tsayar da kaya a hanya. Wanda ke da yuriya a shago a makon da ake nemanta shi ne da kasuwa. Sai dai a kula, yuriya tana jan laima, buhun da aka buɗe ana awo da tiya ko mudu sai a riƙa ɗaure bakinsa, a kuma ɗaga shi daga ƙasa.

Na huɗu, amana. Fegin ƙoshi yana gwada gona, yana kuma gwada buhu. Idan an ba fegi taki mai yawa, ga ruwa ga lafiya, amma bai yi kore ba, manomi zai fara tambayar abin da aka sayar masa. Ƙungiyar CEDEAO ta kafa ƙa'idar ingancin taki tun 2012, Najeriya ma ta yi dokarta a 2019, amma hukuncin gona ya fi na kotu sauri. Mai gauraya taki da yashi ya kwana da sanin haka, mai kaya na gari kuwa ya sami sheda kyauta.

Na biyar, sabuwar sana'a. Ba kowane manomi ne zai sayi na'ura ba, kamar yadda ba kowa ke da sikeli ko injin feshi ba. Ƙungiyar manoman rani, ko babban dillalin taki, na iya sayen guda ɗaya a koya wa yaro mai ilimi, ya riƙa zagaya gonaki yana aunawa ana biyansa, da sharaɗin malaman gona sun ba da jadawalin da ya dace da yankin. Kafin nan, mai rumfar da ke kusa da masu noman shinkafa ba zai yi asara ba in ya tambayi malaman gona yadda zai sami katin launin ganye ya rataye kusa da mudunsa.

Saboda haka, in manomi ya sake tsugunawa a gaban rumfa ya ce, "Alhaji, buhu nawa zai ishe ta?", muna ba da shawarar a fara tambayarsa me ya shuka bara, ko ya kai takin gida, da kuma kwana nawa shukar ta yi. Sannan a ce masa ya ɗauki na tashi yanzu, ya ware kunya uku ya ƙosar da su, bayan mako uku ya duba ya dawo a yi maganar sauran. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi ciniki lafiya.